Zabbi Ukun da Na Ɓoye a Ɗakin Girki

Malam,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko lokacin da kake da rai ma, cewa kake yi rubutuna kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito.

Ga kacici-kacici, tunda ba ka taɓa cin ko ɗaya ba: baƙo ne ba ya sallama, mai gadi ke buɗe masa, in ya shiga kuma mai gadin ne ke ƙona gidan. Mene ne? Na san gari za ka ba ni, kamar kullum. Riƙe garinka.

Unguwarmu Gumani tana nan yadda ka bar ta. Kekenka na jingine a zaure, akurkinka babu ko gashin tsuntsu. Rabi jikarka, wadda kake kira kishiyata, ta kusa gama karatun gwajin jini. Ta zo daga Kanvili ranar Juma'a, na sa ta ta yi mini bayanin murar tsuntsaye. Ta ce ƙwayar cutar mabuɗi gare ta, jikinmu kuma ƙofofi ne. Mabuɗin na ƙofar tsuntsu ne, bai cika buɗe ta hancin mutum ba, amma can ƙasan huhu akwai ƙofofin da yake shiga. Jiki yana da masu gadinsa, su ma da ƙofofinsu. Sukan kama ƙwayar don su kashe, wani lokaci kuma su haukace da faɗa har huhun ya cika da ruwa. Na yi dariya na ce ashe jikinka ma rikici gare shi kamarka.

Malam, ka tuna ranar da ma'aikatan dabbobi suka zo kwashe tsuntsayen unguwa? Ka ba da naka duka, ba ka yi musu ba. Ni ce na kife zabbi uku da kwando a ɗakin girki. Da suka fara sunkuyar da kai, ni ce na matsa maka ka yanka kafin su zama mushe. Na ce tun kakanninmu haka ake yi, har na tsokane ka da cewa tsoron zabuwa kake. Ka yanka, ka fige da hannunka, don ƙirjina ba ya son ƙura. Bayan kwana biyar zazzaɓi ya kama ka.

A asibiti sun ce ciwon huhu ne. Da likita ya tambaya ko ka taɓa tsuntsu mara lafiya, ka dube ni, ka girgiza kai. Me ya sa ka rufa mini asiri? Ni kuma me ya ɗinke mini baki, ni da ba na gajiya da surutu? Da na faɗa, da wani magani za su ba ka? Ban sani ba, kuma babu mai gaya mini.

Na faɗa wa Rabi komai. Ta riƙe hannuna har aka kira la'asar. Gobe zan gaya wa 'ya'yanka, ko da za su daina gaishe ni.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu. Amsar ita ce murar tsuntsaye.

Matarka mai tsokanarka,
Azumi