Baiti na Tara Yana Bakinka

Haɗeja,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanena Haris,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo maka gaisuwa irin ta wanda ya daɗe bai ga ɗan'uwansa ba, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyalinka da maƙwabtanka na Kumasi. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya sa albarka a kasuwa, Ya raya zuriya. Suwaiba 'yata ce take rubutawa, ni ina faɗa, don ka san ni da alƙalami ba mu taɓa gaisawa ba. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Idan ka ga wani wuri ya yi santsi da yawa, to ba ni ba ne.

Mu nan sai godiya. Gwiwa ce kawai take yi mini gardama, in na zauna ta ce kar in tashi, in na tashi ta ce kar in zauna. Asabe uwargida tana nan da ƙarfinta, har yanzu ita take yanke hukunci a gidan nan ni ina sa hannu. Adila, yayar Suwaiba, ta sauka lafiya, an samu mace, an sa mata sunan Inna, Sakinatu. Shinkafar bana ta yi kyau a wajenmu na Guri, sai dai tsuntsu ya ɗauki rabonsa tun kafin a tambaye shi. Tun da ruwa ya ci katangar gidan Baba shekara biyar da suka wuce nake zaune a nan Haɗeja, amma har yau in na farka da asuba sai in nemi ƙofa ta inda take a can.

To, ga abin da ya sa na zaunar da Suwaiba. Makon jiya aka yi taro a nan cikin gari, wai bikin karrama mawaƙan karkara. Mutanen wani gidan rediyo ne suka shirya, da taimakon wasu masu injin casar shinkafa. Aka aiko mini da kati na ce ba ni zuwa, tunda ni ban ga abin karramawa a waƙar da ake yi a zaune cikin inuwa ba. Sai ga mai gabatar da taron ya zo da kansa. Sunansa Munzali, ashe jikan Gana mai bandar kifi ne, wanda kake sace wa tarwaɗa muna yara. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya ce taron ba zai cika ba in babu ɗan Hamman mai ganga a kujerar gaba. Jin sunan Baba a bakinsa ne ya karya ni. Bayan azahar Suwaiba ta tura ni cikin keke, muka tafi.

Haris, da ka ga Munzali a kan dandamali da ba ka ce jinin Gana ba ne. Babbar riga fara ƙal, hula zanna, murya kamar an shafa mata mai. Kowa ya taso sai ya yi masa kirari da sunan garinsu da abin da ake nomawa a can, jama'a suna tafi. Tsarinsu kuwa, mutum biyu za su fito, ɗaya ya farke ambulan, ɗaya ya karanta suna, sai a miƙa wa mawaƙi wani katako mai sheƙi da rubutu a jiki. Na tambayi Suwaiba me ake yi da katakon, ta ce ajiyewa ake yi a ɗaki. Na ce a zamaninmu damin gero ake ba mutum, ko ba komai yara sun sha kunu. Amma an yi kiɗa, wannan ba zan ɓoye ba. Wata Yelwa ta zo da matanta da ƙwaryar ruwa, suka yi waƙar daka irin wadda Inna take yi in ta aike mu kiwo muka makara, sai da na sunkuyar da kai. Wani tsoho mai goge daga Birniwa aka ce ya yi minti biyar, ya ƙi tsayawa. Munzali ya matso yana murmushi, tsoho ya juya masa baya. Aka kashe lasifika, ya ci gaba da abinsa ba lasifika, har sai da ya kai inda yake so. Na so mutumin nan.

Kuma ka san wa aka ɗauko ta miƙa babbar kyauta? Hajja Falmata. Ita dai, zabiyar nan da muke haɗuwa da ita a bukukuwa, wadda ta taɓa cewa hancinka ya fi gangarka tsawo. Ta tsufa, sai da mutum biyu suka hau da ita, amma bakin nan na Barebari yana nan yadda ka bar shi. Tana hango ni ta ce wa ya bar Bafillace ya zauna a kujera, ai sun fi sabawa da gindin kalgo.

Abin da zan faɗa yanzu kai ka sani, don Suwaiba nake faɗa, ta rubuta ta kuma ji. Waƙar zuwan ruwa da Baba ya yi ba waƙar rawa ba ce. Baiti goma sha biyu ne, kowane baiti wuri ɗaya, a jere yadda ambaliya take bi in ta baro Haɗeja ta nufi fadamunmu. Kowane baiti yana faɗin inda ruwa ya iso, da wurin da ke gaba, da kwanakin da suka rage musu. Mai shinkafa ya ji ya san ranar da zai gama noma, mai shanu ya san ranar da zai haura tudu, masunci ya san ranar da zai ɗinke komarsa. Mutanen da ba su san ko alifi ba sun riƙe lissafin kogin nan gaba ɗaya a baki. Ka tuna yadda muke bin Baba kasuwa kasuwa da damina, ni da ganga kai da amshi, ƙafafunmu duk taɓo, mata suna fitowa suna tambaya yau ruwa yana baiti na nawa.

To, wannan waƙar ce wani mawaƙi mai suna Misbahu ya hau da ita. Magidanci ne, zai yi shekara talatin da ɗori, yana da murya, ba zan zalunce shi ba. Ya ce a bakin kakarsa ya tsince ta, bai san mai ita ba. Ya sa mata fiyano, matasa suna ta rausaya. Ina jin farkon na gane ta, murna ta kama ni. Amma bai yi nisa ba na ji ya kai ruwa Kwarin Giginya kafin Mashayar Yagana. Can kuma ya ɗauko Tafkin Kuka, wanda shi ne na ƙarshe, ya sa shi na uku, don ya fi zama daidai da kiɗansa. Kwanakin ma ya zubar da su duka, ya cike gurbinsu da yabon wata yarinya. Aka farke ambulan, Hajja Falmata ta kira sunansa, shi ya ci babbar kyauta.

Suwaiba ta riƙe mini riga, na fizge. Na miƙe da sandata na ce, “Wannan ruwan naku da baya yake tafiya. Da mutanen Guri sun bi lissafin nan, da ba wanda ya tsira da ko tiya ɗaya.” Wasu suka fara cewa a zaunar da tsohon. Nan na ga hankalin Munzali. Bai ji haushi ba, ya sauko da kansa ya kama hannuna, ya gaya wa jama'a cewa ga ɗan mai waƙar, kuma a gidan rediyonsu ba a musu da wanda ya ga abu da idonsa. Ya hau da ni dandamali. Aka karɓo mini ganga wurin makaɗan noma da suka zo daga Birniwa. Fatar ta yi sanyi, amma na rataya.

Shekara goma sha tara rabona da in kaɗa a gaban mutane, waƙar nan kuwa tun tafiyarka ban ƙara taɓa ta ba, amma hannu bai manta ba. Na fara daga gadar Haɗeja na gangaro. Baiti na ɗaya, na biyu, na uku. Wajen na biyar na ji wasu tsofaffi a baya suna amsawa, muryoyin suna rawa. Hajja Falmata ta ajiye katakon a cinya tana tafi. Na kai na takwas, inda ake cewa ruwa ya sha Mashayar Yagana, na gaba ku ɗaure ɗamara. Sai wurin da ganga take juyawa ya zo, hannuna ya juya da kansa yadda Baba ya koya mini, na buɗe baki, ban sami komai a ciki ba.

Haris, baiti na tara ba ya wurina. Ban taɓa sani ba sai ranar. A nan ne kiɗa yake sauyawa, Baba kullum yana cewa ni in kula da hannuna, kai ka ɗauki baitin kai kaɗai. Sau dubu na ji shi a bakinka, amma kunnena yana kan fata. Na zagayo da kiɗan sau uku ko zai zo, bai zo ba. Na tsallaka na goma na ƙarasa. Jama'a suka tashi tsaye suna tafi, yawancinsu ba su san an rasa komai ba. Hajja Falmata ta sani. Ta matso kusa da kunnena ta ce Bafillace ya sake ɓatar da saniya ɗaya a daji. Na ce mata ko ta gan ta? Ta ce wallahi ita ma ta tuna muryarka amma ba ta tuna maganar ba.

Misbahu ɗan halak ne. A gaban kowa ya ce Munzali ya faɗa a lasifika cewa waƙar ta Hamman mai ganga ce ta Guri, kuma ya kawo mini katakon har gida washegari. Na ce ya riƙe abinsa, muryarsa aka ba, ni jerin kawai nake so ya gyara. Yanzu kusan kullum yana zuwa da hantsi muna bi baiti baiti. Da muka zo gurbin ya ce ko mu sa wani suna da zai dace, ai ba wanda zai gane. Na ce masa a kan haka na tashi tsaye ranar taro, ba zan zauna in yi irinsa a zaurena ba.

Ranar Laraba na sa aka kai ni Guri, na shiga kwalekwale na ce a bi da ni tsakanin Mashayar Yagana da Kwarin Giginya, ko in na ga wurin sunan zai faɗo mini. Ba mu yi nisa ba kacalla ta tare mu. Ciyawar nan ta cinye hanyar gaba ɗaya, ta fi mutum tsawo, ba ka ganin komai sai sama. Tun da aka datse ruwa can sama, kogin ma ya daina bin lissafin Baba, wannan na sani, ba wanda zai ƙara shuka da waƙar nan. Na tambayi masunta huɗu, suka ce su dai kacalla suka taso suka gani, ba su san wurin yana da suna ba. Na tuna akwai wata ɗorawa a gefen, muna ɗaure jaki a jikinta. Ita ma babu. Wuri guda da mutane suka noma suka sha suka binne iyayensu kusa da shi, yanzu sunansa bai rage ko'ina a duniya ba sai a bakinka.

Munzali zai zo da na'urarsu ya ɗauki waƙar cikakkiya kafin ruwan fari, ya ce mako biyar ya rage a jadawalinsu. Na gaya masa in baitin bai zo ba, ganga ce kaɗai za ta yi magana a wurin, a bar shi fayau, kowa ya ji an yi rashi. Amma ba haka nake so ba.

Akwai maganar da na yi maka a tashar mota ranar da za ka tafi, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ina jin haushi ka bar ni da ganga, na ce ka tafi abinka, waƙar Baba ba ta bukatarka, duk tana kaina. Na yi ta faɗin haka ga duk wanda ya tambaye ni kai. Suwaiba, rubuta wannan yadda na faɗa: ba gaskiya ba ne. Goma sha ɗaya nake da su. Baba ya raba mana ne tun muna yara, ni ban lura ba.

Na san ka sha aiko da saƙo a ba ni waya mu gaisa, ina cewa ba na magana da abin da ba shi da fuska. Na janye. Suwaiba za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura wa ɗanka, lambarta tana ƙasa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zauna a zaure da ganga a kafaɗa, ta riƙe mini wayar a kunne. Kada ka tsaya faɗa mini baitin da baki kamar mai ba da sallahu. Ni zan taso daga na takwas, in hannuna ya juya, kai ka shigo. In ma ka ga kamar ka manta, kada ka damu, ka bari ka ji kiɗan tukuna.

Ka gaishe mini da Yagana matarka, ka ce mata har yanzu ana labarin miyar kukarta a gidan nan. Ka gai da Hamman, mai sunan Baba, da ƙannensa duka, da jikokin da ban taɓa gani ba. Asabe tana gaishe ka, Adila da jaririyarta suna gaishe ka, Suwaiba ta ce a gaishe da Baffa. Hajja Falmata ma ta ce in gaishe ka, ta kuma tambaya ko hancin ya ragu. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya jiƙan Baba da Inna.

Sai Juma'a, in Allah Ya kai mu. Na riga na sa gangar a rana.

Ni ne yayanka,
Shu'ibu Hamman Guri