Jini na zuba a kanta, ana yi mata allurar taifot

Assalamu alaikum Admin, da manya da ƙananan gidan nan, ina gaishe ku da aiki da iyali. A sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da rubutun, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi, shi ma korata aka yi don na cika sa mutane dariya.

Ni tsohon manomi ne a wani ƙauye wajen Wagini. Matata taubashiyata ce, tun muna yara muke tsokanar juna har muka yi jikoki, ina ce mata Tsohuwar Mota, tana ce mani Buhun Ƙaiƙayi. Bara da kaka tana tsinkar gyaɗa a tsakar gida, sai ta dafe kai ta ce kamar an maka mata taɓarya a ƙeya. Ta yi amai, wuya ya sanƙare. Na ɗora ta a mashin sai ɗan asibitin da ke kusa da mu.

Mutum ɗaya ne a wurin, muna ce mashi likita, daga baya na san malamin asibiti ne. Ya ce maleriya ce da taifot, ya sa mata ƙarin ruwa da allura. Bai auna jininta ba, ya ce abin awon ya lalace. Da muka koma ya ce, Inna ya jikin, ta ce da sauƙi, alhali ko buɗe ido ba ta iya yi saboda haske. Ya ce to a ci gaba da magani. Haka muka yi ta zarya kwana da kwanaki, har ran da ta tashi alwala buta ta suɓuce mata, baki ya karkace.

A Katsina aka yi mata hoton kai. Likitar ta ce jijiya ce ta fashe, jini ya daɗe yana zuba cikin ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan ciwon kan ranar farko ake turo shi. Ta tambaye ni wa ya riƙe ta a gida. Na ce taifot.

Yanzu tana kwance, ɓarin dama ya mutu, magana ta tafi. Ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu. Ina tsokanarta kamar da, sai dai ta bi ni da ido.

Ɗiyarmu malamar makaranta ce a Safana. Ta samo lauya, ta ce sakaci ne, za a kai ƙara, amma sai ni mijin marar lafiya na dangwala hannu. Da maganar ta fita, mai unguwa da liman suka ishe ni a zaure. Sun ce ƙaddara ce, kuma in tuna duk wanda aka turo asibitin nan guduwa yake saboda 'yan bindiga, wannan kaɗai ya zauna. Shi ke ɗinke wanda aka sara, shi ke ganin yara in ƙyanda ta shigo. In aka ɗauke shi ba wanda zai yarda ya zo. Gaskiya suka faɗa, ni ma na sani.

Shi ma malamin asibitin ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Baba a yi haƙuri, ai ita da bakinta ta ce da sauƙi. Na ce mashi kai ba Bahaushe ba ne? Ubana da safe ya ce da sauƙi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Ya sunkuyar da kai. Na sa aka kawo mashi fura, ya sha ya tafi.

Ɗiyar da ta ji na ba shi fura ta yi ta faɗa, ta ce komai ni wasa ne, uwarsu na kwance ina shayar da wanda ya kwantar da ita. Ta ce in ban sa hannu ba, gobe wata za ta je da ciwon kai a ce mata taifot, kuma za ta ɗauke uwarta zuwa Safana in zauna ni da mai unguwata.

Abin da ke ba ni kunya, ba na jin fushi, ba na jin kuka. Ina cin tuwona in suɗe hannu. Na nemi fushin don ya nuna mani hanya, ban same shi ba.

Jiya na kama hannunta mai lafiya, na ce Tsohuwar Mota, in kina so a kai ƙara ki matsa. Ta matsa. Na ce in ba ki so ki matsa. Ta sake matsawa.

Asabar ɗiyar za ta zo da lauyan. Masu ilimin cikinku, ana iya hukunta mutum a kuma bar mana shi? In ba a iyawa, ku faɗa mani gaskiya, in dangwala ko in bari?