Ashe Ba Laifin Katifa Ba Ne

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara. Yaya makaranta da ɗalibanki masu tsiwa? Yaya ƙafar Mama? Ki gaishe ta, ki ce na ce ta daina tsallake magani tana cewa mantuwa ce, mun gano ta.

Kin ce in muna waya ba na faɗin komai sai tambayar yara, kamar wanda ake kora. To ga shi direban kamfani zai dawo ɗaukar sauran kayan injin, na ce bari in cika miki takarda ki karanta har ki gaji.

Aiki yana tafiya. Injinan saƙar nan manya ne, kowanne ya fi falonmu tsawo, amma mun kafa fiye da rabi. Abin da ya hana ni sakat shi ne barci. Kin san tsohuwar gabar da ke tsakanina da ɗakin otal, to bana abin ya ƙazanta. Ɗakin ba laifi a ido: farin zanin gado, madubi har ƙasa, tawul a naɗe kamar za a ba sarki. Amma katifar, in na kwanta sai ta haɗiye ni. Filo ɗaya ya yi ƙasa, biyu sun yi tudu. In na kunna na'urar sanyi sai in farka maƙogwaro a bushe kamar na ci yashi, in na kashe sai gumi. Akwai wani ɗan firij a lungu da ke gurnani kamar yana da ƙorafi a kaina. Har safa na ɗora a kan ɗan jan hasken talabijin, ki ga inda lalacewa ta kai mijinki.

Na sa an canza mini ɗaki, bai canza zani ba. Na daina shan shayi da yamma, duk ɗaya. Ba wai barcin ba ya zuwa ba ne, yana zuwa, har da gudu. Sai dai in yi ta firgita, zuciyata tana bugawa kamar an biyo ni, ban kuma san abin da ya tashe ni ba. Da safe kaina kamar an ɗora masa dutse. Ni da a gida in na sa haƙarƙarina a ƙasa sai kiran sallah! Shi ya sa nake cewa masu otal ɗin nan akwai abin da suke sa wa a katifa don kada baƙo ya ji daɗi ya ƙi tafiya.

Daga jibi ma za a ƙara mini da wani. An kama ɗakuna saboda wani taro, don haka za a haɗa ni ɗaki ɗaya da Dogo, mai haɗa mana wayoyin lantarki, wanda na taɓa ba ki labarin barkwancinsa. Ya ce shi ko a kan tsani aka ajiye shi zai yi barci. Allah Ya sa in ɗan samu tubarraki.

Ki shafa mini kan 'yan biyu, ki ce kada su sa ki magana.

Naki har kullum,
Baban 'Yan Biyu

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara da Mama. Ni ma da sauƙi, kuma don Allah ki riƙe wannan kalmar, da sauƙi, kafin ki karanta sauran. Ki samu wuri ki zauna. Na ƙi faɗa miki a waya ne don ban san ta inda zan fara ba.

Kwana biyu bayan na aiko miki da waccan takardar, ina saman injin ina ɗaure noti, rana tsaka, ga ƙarar masaƙa ko'ina, sai kawai na ji ihu. Ashe gyangyaɗi ne ya sace ni a tsaye. Sifana ta suɓuce daga hannuna ta faɗo dab da kan wata mata mai sharar zare a ƙasa. Da ta matsa taku ɗaya, da yanzu wani labarin ake yi. Ban san na rufe ido ba, wallahi ban sani ba. Na sauko na ba ta haƙuri, ita kuma tana ta cewa ba komai, tana kallon sifanar.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga na Dogo. A daren farko da muka kwana ɗaki ɗaya, na farka na gan shi a kaina yana jijjiga ni, ya jiƙa mini riga da ruwa, ga mai gadi da mai karɓar baƙi tsaye a bakin ƙofa. Na tashi da faɗa, na ce wane irin wasan banza ne wannan. Sai na ga fuskarsa. Mutumin da ko a gidan makoki sai ya nemo abin dariya, ranar babu alamar wasa a tare da shi. Ya ce, "Yallaɓai, mutuwa kake yi kana dawowa. Na rantse da Allah, mutuwa kake yi."

Na ce munshari ne kawai, duk gidanmu haka muke. Bai yi musu da ni ba. Da muka sake kwana, da safe muna karyawa sai ya ajiye wayarsa kusa da kofina ya ce in kalla, ya ɗauke ni a dare na biyu.

Maman 'Yan Biyu, ban taɓa ganin abin da ya tsorata ni irin wannan ba. Ga ni kwance rigingine, baki buɗe, ina munshari kamar injin da bel ɗinsa ya saki. Can sai shiru. Ƙirjina yana motsi, yana ja, yana ja, amma iska ba ta shiga, kamar an shaƙe ni da hannun da ba a gani. Ina kallo ina cewa a raina, yi numfashi mana, kai, yi numfashi! Shirun ya yi tsawon da har na ɗauka wayar ce ta tsaya. Sannan na yi wani irin kakari, jikina ya zabura, na haɗiyi iska, na koma. Ba a jima ba abin ya sake. Ya sake. Na ture burodin gefe.

Dogo bai bar ni na koma masaƙa ba, asibiti ya ja ni. Na kwana a can, an manna mini wayoyi a kai da ƙirji da yatsa, kamar injin da ake gwaji. Da safe likitar ta zaunar da ni. Ta ce ciwo ne sananne: in na yi barci naman maƙogwarona yana saki ya toshe hanyar iska, sai jiki ya firgita ni don in tsira, kuma nawa ya yi tsanani. Ta ce shi ne ciwon kan, shi ne gyangyaɗin, kuma in aka bar shi yana gajiyar da zuciya. Ta hana ni tuƙi da hawa sama har sai an shawo kansa. Shugaban aiki ya mayar da ni ƙasa ina nuna wa mutane da yatsa.

Ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a dangi. Na ce Baba ya fi ni munshari, amma shi lafiyarsa ƙalau har ranar da ya kwanta bai tashi ba. Ta ɗago ta dube ni, ta rubuta.

Ni kuma na ce mata akwai abin da bai shiga kaina ba. In ciwo ne, me ya sa sai a otal? A gida ina barci lafiya. Sai ta ajiye biro ta ce, "Ciwon nan bai san otal ba, bai san gida ba. Wa ke kwana kusa da kai a gida? Ka tambaye ta."

To ga ni ina tambaya. Don girman Allah ki gaya mini gaskiya, kada ki rage komai don ki kwantar mini da hankali. Me kike gani in na yi barci?

Direba zai juyo jibi. Ki ba shi amsa.

Mijinki,
Baban 'Yan Biyu

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yara, ina fata kowa lafiya. Amsarki ta iso. A bakin ƙofar masaƙa na buɗe ta a tsaye, ban kai ƙarshe ba sai da na nemi bokiti na kifa na zauna.

Ashe kin sani. Ashe tun watan farko na aurenmu kin sani. Kin ce da kin ji shirun nan sai ki sa tafin hannu a kafaɗata ki tura ni in koma gefe, ki tokare bayana da filo, in na mirgino ki sake. Kin ce yanzu ba sai kin farka sosai ba, hannunki ya san aikinsa, kuma ba munsharin ke tashin ki ba, shirun ne. Shekara da shekaru! Sannan ki tashi da asuba ki shirya yara, ki je ki tsaya gaban allo har azahar. Ni kuwa in miƙe in yi miƙa in ce babu kamar gadon gida. Kin ce kin taɓa gaya mini numfashina yana tsayawa, na ce ai da ya tsaya da ba ki ji ni ina neman shayi ba. Na tuna ranar. Har dariya kika yi, ban lura da irin dariyar ba.

Amma ba wannan ne ya zaunar da ni a kan bokiti ba. Maganar Mama ce.

Kin ce da kika fara gani kika tsorata, wurinta kika je, ita ce ta ce miki haka Baba yake, ta kama kafaɗarki ta nuna miki yadda ake turawa. Haka ta yi wa Baba duk tsawon zamansu. Kuma daren da ya rasu, ba ta gida. Tana asibiti a wurinki, daren da kika haifi 'yan biyu. Na san tana can, ni na kai ta da kaina, ni na ce mata ta kwana tunda aka yi miki aiki. Ban taɓa haɗa abu biyun nan a kaina ba, ko sau ɗaya. Muna ta cewa Baba ya yi kyakkyawan ƙarshe, ya tafi cikin barci ba jinya ba wahala, ita kuma tana zaune tana jin mu, tana cewa a ranta da tana nan da ta tura shi. Kuma ta sa kika yi mata alkawarin ba za ki faɗa ba, wai kada 'ya'yanta su dube ta da abin. Ke ma kika ɗauki rabonki, tunda dominki ta bar gida. Ku biyu kuna ɗauke da wannan, muna cin abinci tare, ana suna, ana biki, ban sani ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na koma wurin likitar na ba ta labari. Ta ce babu wanda zai iya rantsewa a kan abin da ya ɗauki Baba, kwana ne ya ƙare. Ta ce turawar tana taimakawa, amma ba magani ba ce, kuma ba a ɗora wa mutum ɗaya gadin numfashin wani har abada, shi ma mai gadin ɗan Adam ne. Na ce ta maimaita, na haddace, don in kai wa Mama yadda ta faɗa.

An ba ni wata na'ura, 'yar ƙarama, da tiyo da abin rufe hanci, tana hura mini iska in na kwanta. Dogo ya ce na yi kama da giwar da aka kwantar a asibiti, alhamdulillahi bakinsa ya dawo. Daren farko na yi ta kokawa da ita. Na biyu kuwa, a kan katifar nan da na gama zagi, na rufe ido sai ganin haske na yi a labule. Kaina wasai. Na zauna a bakin gado ina mamaki, ashe haka mutane ke tashi.

Ga abin da nake roƙo. Kada ki ce wa Mama komai, ni zan zauna a gabanta da kaina ranar da na dawo. Amma ki kira matar ƙanena yau ɗin nan, ki tambaye ta yadda yake barci. Kin san shi ma in ya kwanta har maƙwabta sun sani, kuma babbar mota yake ja. In ta yi shiru kafin ta amsa, ki ce ta riƙe makullin motar har in zo.

Ɗazu na kasa haƙuri na kira Mama, da niyyar gaisuwa kawai. Tana ɗauka, kafin ma in yi sallama, ta ce, "Ka kwana lafiya?" Kullum da haka take farawa in na yi tafiya, ni kuma in amsa ina ɗaure takalmi. Yau sai na tsaya ina juya tambayar a raina, don yanzu na gane abin da take nufi. Ta sake tambaya, muryarta ta ɗan tashi. Na ce, "Na kwana lafiya, Mama." Sai na ji ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sannan ta shiga faɗan ban kira ta jiya ba.

Muna gama gwajin injin na ƙarshe zan taho, direba ne zai ja. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ni ikon rama ko kaɗan ne. Ki gaishe da yara.

Mijinki mai godiya,
Baban 'Yan Biyu