Hannun Baba da Kwamfutar da Ka Aiko

Zuwa ga Yayana Sharhabilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Bushra da 'yar ɗiyarmu Kausar, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan Talata Mafara sai godiya. Shinkafa ta yi kyau bana, Inna Lantana ta zo daga Kaya ta kwana biyu ta koma, Taiba kuma ta sauka lafiya a Maradun, an samu mace.

Yaya, maganar kwamfutar da ka aiko wa Baba ce ta sa na ɗauki biro, domin in a waya ne za ka katse ni da tambayoyinka kafin in kai ƙarshe. Ka san yadda ya yi murna da ita. Tun da ya bar aikin malamin gona ya koma Bakura yake son rubuta abin da ya sani game da noman rani, kuma ya kama aikin da gaske. To sai ta fara yi masa wulaƙanci. Yana cikin bugawa sai shafin ya ɓace, wani lokaci manhajar rubutun gaba ɗaya ta rufe, aikin safiya ya tafi a banza. Ya ce mini wannan tsarin kwamfuta na Linux da ka sa mata, kana cewa ba ya kama cuta, shi dai bai ga alherinsa ba.

Na ɗauko ta na kai wa Jibo mai gyara a kasuwa, kuma wallahi ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya sabunta manhajar, ya jona wani kibod na daban, wato allon maɓallai, ya cire abin da ke ba da haruffa masu lanƙwasa ya sake sawa. Ya buɗe ta ta baƙin allon nan da kuke rubuta umarni, ya zauna yana bugawa yana jiran manhajar ta faɗi, wato ta mutu da kanta, ya ga dalili, ta ƙi faɗuwa. Ni ma na buga har yatsuna suka gaji, lafiya lau. Da ya duba bayanan da na'urar ke ajiyewa sai ya ce bai ga alamar ta faɗi ba, kamar dai wani ne ke ce mata ta rufe, ita kuma ta bi umarni. Na mayar da ita Bakura ina cika baki, kafin la'asar ta sake ɓacewa a hannun Baba. Ya rufe ta ya ture gefe, ya ce ta san tsoho ne shi ya sa. Raina ya ɓaci sosai.

Na roƙe shi ya sake gwadawa, na zauna gefensa, amma wannan karon ban kalli allon ba, hannunsa na kalla. Yaya, ƙaramin yatsansa na hagu ba ya ɗagawa. A lanƙwashe yake, yana kwance bisa maɓallin Ctrl da ke can ƙasa, Baba kuwa bai ma ji ba. Da zarar yatsan ya danne shi, ya kuma taɓa harafin W, sai shafin ya rufe, domin haɗa su biyun umarnin rufewa ne. Tambayar da ke fitowa ko a ajiye aikin ba ya ganinta, domin idonsa na kan maɓallai, sai ya ci gaba da bugawa har ta wuce. Na ce zan ɗebo ruwa, na fita tsakar gida na share hawayena.

Washegari na mayar wa Jibo da ita, ya kashe wannan maɓallin na hagu daga cikin saiti, ya bar na dama. Na kawo wa Baba na ce an gano matsalar, ta na'ura ce. Ya buga shafi guda cur ba abin da ya faru. Sai ya tsaya, ya ɗora hannun bisa gwiwarsa, ya ce in daina wahalar da kaina, ya sani ba na'urar ba ce. Tun kafin babbar salla buta ke suɓuce masa wajen alwala, ya ɓoye don kada mu ce ya bar rubutun ya kwanta. Ya ce kada in gaya maka, wai za ka baro aikinka.

Ga shi na gaya maka, kuma ban yi nadama ba. Ya yarda da ƙyar in kai shi asibiti Sakkwato ranar Litinin. Ina jin tsoro, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ka kira shi kafin nan. Zai fara yi maka hirar kwamfuta yana dariya, ka bar shi ya gama, sa'an nan ka tambaye shi hannun.

Inna Lantana da Kawu Sambo suna gaishe ka, Taiba na jiran ku ranar suna. Ka gai da Bushra, ka shafa mini kan Kausar. Allah ya ba Baba lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Zakiyya