Hajara Ba Ta Amsa Suna Ba

Daren Talata, garin Gwiwa

An daɗe ana cewa wai a Kazaure akwai makarantar da kurame ke zama aji ɗaya da masu ji, malama na magana da hannu. Na ɗauka tatsuniya ce.

Yau aka sallamo jikata Hajara daga ajin yara. Sati uku tana zaune a gaba, ana kiran suna ba ta ji, aka rubuta ba ta zuwa. Malamin ya ce, "Baba, a yi haƙuri, yaran sun fi ƙarfina."

Kazaure da nisa, gwiwoyina sun gaza, ubanta yana ci-rani. Gobe da sassafe za ta tsaya bakin ƙofa da shirin makaranta tana kallona, ni kuwa ban iya ce mata a'a da hannu ba.

Labarin makarantar kuwa, wanda ya ba ni shi na ƙarshe malamin ne, yana miƙo mini jakarta.