Wanda Ya Riƙe Sitiyarin

Hillar Jibirin, kusa da Sinnar, Janairu 1968

Daga yayarka Sharifa zuwa ga ƙanena Abdulmuttalib a Wad Madani. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Mudallabi, ba ka nan ranar bikin Asabe, to ga abin da ya faru daga bakin wadda ta zauna gaban lorinka. Da za a ɗauko amarya, ɗanka Mahmud ya ce wa direbanka Sambo ya koma baya cikin mata, wai kai ka ba shi makulli da hannunka. Muna hawa bakin tur'a, inda ruwan madatsar Makwar ke bi zuwa gonakin auduga, sai lorin dangin ango ya wuce mu. Shi ke nan yaro ya taka. Guɗa ta koma salati. Na daki kafaɗarsa na ce ya sassauta, ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, riƙe zanenki!" Malam Alhasan na tafe kan jakinsa daga gona, lorin ya banke shi. Ya cika a asibitin Sinnar kafin la'asar.

Jiya kuma Sambo ya dawo daga wurinka, ya zarce wurin bolis, 'yan sanda ke nan, ya ce shi ke tuƙi. Wa ya biya masa wannan karatun? An ce in zo mahkama gaban alƙali in ba da shaida. Ina jiran amsarka.

Ka huta lafiya.
Sharifa

Wad Madani

Zuwa ga Yaya Sharifa. Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da tambayar lafiyarki, Allah ya jiƙan Malam Alhasan, ya ba mu haƙurin abin da ya ƙaddara.

Yaya, ni na yi magana da Sambo, ba zan ɓoye miki ba. Shi yana da ruksa, takardar tuƙi, saboda haka hakuma za ta ɗauki abin a matsayin hatsari, 'yan watanni ya fito. Yaron ba shi da ita, shekarunsa sha shida. Na ɗauki nauyin gidan Sambo har ya dawo. Dattawa sun je wa matar marigayi, Raliya, ta ce ta yafe. Kin kuma san yadda ake kallonmu a ƙasar nan, kakanninmu na kwance a nan amma har yau baƙi ake ce mana. Ba mu ne za mu kai kanmu gaban hakuma ba.

Ba na ce ki yi ƙarya ba. Ki ce ƙura ta yi yawa, kin rufe fuska da mayafi. Ke kika yaye yaron, ke kika raine shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wassalam, ƙanenki mai biyayya,
Abdulmuttalib

Hillar Jibirin

Mudallabi, ina gaishe ka. Takardarka ta iso, na karanta sau biyu don in tabbata ɗan uwana ne ya rubuta.

Wai in ce na rufe fuska da mayafi! Ni da na san ƙeyar yaron nan tun ina aske ta? Raliya ta yafe, gaskiya ne, dattawa sun cika mata ɗaki tana cikin takaba, me za ta ce? Kuma ko ta yafe jinin mijinta, ba ta ce a ɗaure Sambo ba. In aka karɓe ruksarsa da me zai ci da matarsa Dije da 'ya'yansu bayan kai ka gaji da alheri?

Ka ce ni na raine shi. To saurara. Bara ya take tumakin Sodangi, ka aiko a ba da haƙuri. Da damina ya tura lorin cikin rami, ka aiko a gyara. Kullum aike. Tun ranar suna kake jin kunyar ɗan fari, ba ka kiran sunansa, ba ka zama inda yake, ko a takardar nan "yaron" kake ta rubutawa. Madalla da kunya. Amma kunyar da ta hana ka ce masa bari, ba ta hana ka miƙa masa makulli ba.

Na so in tausaya, wallahi. Ina son yaron nan fiye da idona. Sai ga shi ranar sadakar bakwai, ana rabon gumba a ƙofar gidan mamacin, ya matso kusa da ni ya ce, "Gwaggo, yaushe bolis za su saki lorin?" Nan na san in aka rufe wannan, akwai wani Alhasan a kan hanya.

Batun baƙunta kuma, kakanninmu ba su baro Sakkwato da ƙafa don jikarsu ta dafa Alƙur'ani ta lanƙwasa magana ba. Abin da na gani zan faɗa, da Hausa da Larabci in ana so. Na gaya wa Mahmud haka a gabansa, ya daina cin tuwona. Can da yawarsa.

Ka gaida Barakatu.
Yayarka, ko ka so ko ka ƙi,
Sharifa

Wad Madani

Yaya, sallama. Na ji. Idan kika yi abin da kika ce, to kin zaɓi bare kin bar jininki, kuma kada ki sa ran ganin ƙafata a gidanki. Zan zo Sinnar ranar shari'a in faɗa wa alƙali da bakina cewa Sambo na ba makulli. Sai ya zaɓa tsakanin maganata da taki.

Wassalam.
Abdulmuttalib

Wad Madani, Maris

Zuwa ga Yaya Sharifa, bayan gaisuwa.

Na fita daga mahkama ban gaishe ki ba, kuma har yanzu raina bai gama hucewa ba. Amma da na ga kin dafa Alƙur'ani, muryarki ko gezau, sai abin da na shirya ya ɓace mini. Alƙali ya ce wa na ba makulli, na ji bakina ya ce Mahmud. Kin ga yadda Mahmud ya waiwayo? Bai taɓa jin sunan nan da muryata ba, sai a wurin da aka yanke masa shekara biyu a gidan gyaran yara.

Sambo ya ajiye mini aiki, ban ga laifinsa ba.

Ranar Juma'a ake barin iyaye su shiga. Ki aiko mini da sunan abincin da yake so, don ni ban sani ba.

Ƙanenki,
baban Mahmud