Batakarin Yara Sun Iso Hamburg

Yaya Abibatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Mma? Ya mutanen Yendi?

Ƙananan batakarin da kika aiko sun iso, Allah ya saka miki. Saura kaɗan makarantar nan ta rufe ajina, don yaran Jamusawan da nake koya wa rawar Takai, rawarmu ta gargajiya, suna yin ta cikin singileti, juyin ba ya fitowa. Ranar da suka sa batakari suka juya, rigunan suka buɗe kamar laima. Shugabar makarantar da kanta ta ce in ci gaba.

Gwiwata tana ɗan damuna, amma kar Mma ta ji.

Kullum ina cewa ba wanda ya ɗaga ni. To Yaya, wannan karon ke ce.

Ƙaninki,
Mutala